Ya ci wasa 25 cikin 27, manyan jami'o'in jiharsa suka ƙi zawarcinsa: lamarin Baker Mayfield

A ranar Laraba 6 ga Fabrairun 2013, ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare da suka yi fice a ƙwallon ƙafa irin na Amurka suka yi ta rattaba hannu a takardun jami'o'in da suka ba su gurbin karatu kyauta. A wancan lokacin Larabar farko ta Fabrairu ita ce ranar ƙulla wannan alkawari a faɗin ƙasar, har gidajen talabijin kan nuna yara suna ɗora hular jami'ar da suka zaɓa a kai, iyaye na tafi a bayansu. A makarantar Lake Travis, yamma da birnin Austin na jihar Teksas, akwai wani ɗan shekara 17 mai suna Baker Mayfield da ranar ta zo ta wuce bai sa hannu a takardar kowa ba.

Yaron kuwa ba kanwar lasa ba ne. Kaka biyu ya ja ragamar ƙungiyar makarantarsa, suka ci wasa 25, aka doke su sau 2 kacal, suka ɗauki kofin jiha a 2011 ba tare da sun faɗi ko da wasa guda ba. Ƙwallayen da ya jefa sun ci tazarar yadi 6,255, guda 67 sun kai ga ci, 8 kawai abokan karawa suka cafke masa. Kafin shekara biyar ta cika da waccan Larabar, shi ya lashe kyautar Heisman, wadda ake bai wa ɗan wasan da ya fi kowa a jami'o'in Amurka. A Afrilun 2018 kuma shi ƙungiyar Cleveland Browns ta fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar ƙwararru ta NFL, na ɗaya a cikin kowa da kowa. Jami'ar Teksas da ke garinsu ba ta neme shi ba. Oklahoma, wadda yake goyon baya tun yana ƙarami, ita ma ba ta neme shi ba. Mutanen da suka tsallake shi ba 'yan koyo ba ne, albashinsu ke nan gane yaro mai baiwa, shi ya sa lamarin ya cancanci a bi shi daki-daki.

Matsayin da yake bugawa shi ake kira kwatabak. Kowane ɓangare na da 'yan wasa 11 a fili, kuma duk harin da za a kai, a hannun kwatabak ƙwallo ke fara sauka. Shi zai duba yadda masu tsaron baya suka jeru, ya yanke shawarar ko ya miƙa wa mai gudu, ko ya jefa wa mai cafewa, ko ya ruga da kansa, duk a cikin daƙiƙa biyu zuwa uku kafin ƙartin abokan hamayya su danne shi. Abin da ya bambanta wannan matsayi da sauran shi ne mutum ɗaya tak ke buga shi. Masu cafe ƙwallo uku ko huɗu kan shiga fili tare, masu tsare kwatabak a gaba su biyar ne, amma shi kansa ba a raba kujerarsa. Wanda ya samu yakan riƙe ta shekara biyu ko uku, na bayansa su yi ta zaman benci.

Daga nan lissafin ke fara matse yara. Fiye da yara miliyan ɗaya ne ke buga wannan wasa a sakandaren Amurka, kuma a Teksas kaɗai makarantu sama da dubu ne ke da ƙungiya. Jami'o'in da ke babban mataki a lokacin kimanin 125 ne. Dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, a lokacin ta ba kowace damar riƙe 'yan wasa 85 a kan tallafin karatu, sababbi kuma kada su wuce 25 a shekara. A cikin 25 ɗin nan koci zai iya ɗiban masu tsaron gaba huɗu ko biyar, amma kwatabak galibi ɗaya yake ɗauka. Idan ya yi kuskure a kan mai tsaron gaba ɗaya, sauran za su rufe masa asiri. Idan ya yi kuskure a kan kwatabak, ya yi asarar shekara guda cur, wani lokacin har da aikinsa.

Saboda kujerar ɗaya ce, zawarcinta ya fi na kowane matsayi saurin kammaluwa. Sakandaren Amurka shekara huɗu ce, kuma manyan jami'o'i kan fara sa ido a kan kwatabak tun yana shekara ta biyu, su gayyace shi sansanin gwaji a hutun bazara, su yi masa tayi yana shekara ta uku. Suna son samun sa da wuri domin shi ke jawo musu sauran yara: mai cafe ƙwallo yana son ya san wa zai riƙa jefa masa. Da zarar yaro ɗaya ya ba wata jami'a kalmarsa, sauran da suke nemansa sai su koma kan na biyu a jerinsu, shi ma ya yi maza ya amsa don kada a riga shi. Cikin 'yan watanni kujeru sun ƙare. Abin da yaro zai yi a kakarsa ta ƙarshe, wadda ita ce ya fi girma da ƙwarewa a cikinta, sau da yawa ba ya sauya komai.

Wannan jadawalin bai yi wa Mayfield daɗi ba ko kaɗan. Lokacin da ya shiga sakandare tsayinsa ƙafa 5 da inci 2 ne, wato kimanin mita 1.57. Yaro ne da girma ya zo masa a makare. Shekarun da masu farautar 'yan wasa ke rubuta sunayen farko a littafinsu, shi yana can cikin ƙananan ƙungiyoyin makaranta ba wanda ya san da shi. Ko a farkon kakar 2011 ba shi aka ba matsayin ba. Wanda aka ba ne ya ji rauni a wasan farko, aka ce Mayfield ya shiga, bai kuma sake sakin kujerar ba har suka kammala kakar da nasara 16 a wasa 16. Ma'ana, faifan bidiyonsa na farko da za a iya aika wa wata jami'a bai samu ba sai a ƙarshen 2011, alhali sa'o'insa sun shekara guda ko fiye suna yawo a sansanonin gwaji, kociyoyi sun san fuskokinsu da na iyayensu.

Tun kafin a buga wasan farko na kakar 2012, maƙwabtan duk sun yi zaɓinsu. Jami'ar Teksas ta riƙe Tyrone Swoopes, mai ƙafa 6 da inci 4, ga gudu. Oklahoma ta riƙe Cody Thomas, shi ma dogo ne kamar haka. Texas Tech ta riƙe Davis Webb, mai ƙafa 6 da inci 5. Texas A&M ta riƙe Kenny Hill, wanda bai fi Mayfield tsayi da wani abin kirki ba, amma ya fi shi gudu, kuma ya ɗauki kofin jiha a rukunin manyan makarantu na 5A, alhali Lake Travis a 2011 tana rukunin 4A. Kowanne a cikinsu yana da wani abu da ido ke gani nan take.

Batun tsayi ya kamata a tsaya a kansa, domin ba son zuciya ne zalla ba. A sansanin gwaji, kafin yaro ya taɓa ƙwallo, za a sa shi ya cire takalmi, ya jingina bayansa da bango, a ɗora ma'auni a kansa. Za a ce ya ware tafin hannunsa a auna daga babban yatsa zuwa ƙarami, a ɗora shi a sikeli, a sa shi gudun yadi 40 ana riƙe da agogo. Waɗannan lambobi su ke fara shiga takarda, kuma su babban koci ke fara gani. Dalilinsu shi ne a jami'a masu tsare kwatabak a gaba kan kai ƙafa 6 da inci 4 zuwa 6, nauyinsu kusan kilo 140, waɗanda ke ƙoƙarin keto su ma haka suke, hannuwa a sama. Gajeren kwatabak yana tsaye a bayan wannan cincirindo, ana tsoron ba zai hangi tsakiyar fili ba, ana tsoron za a riƙa doke masa ƙwallo tun daga hannu, ana tsoron jikinsa ba zai jure bugu ba. Ko da Mayfield ya gama girma, ma'aunin NFL a 2018 bai ba shi cikakkiyar ƙafa 6 da inci 1 ba, kimanin mita 1.84 ke nan.

Sai dai duk wanda ya kalli wasan da kyau ya san ko dogon ma ba ta saman kawuna yake gani ba. Ta tsakanin kafaɗu ake leƙawa, a ɗan gusa dama ko hagu taku ɗaya a sami kafa, a saki ƙwallo tun kafin mai cafewa ya juyo, domin an riga an san inda zai kasance. Wannan aikin ƙafa ne da ƙwaƙwalwa da saitin hannu, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ake aunawa a jikin bango. Hujjar hakan ma ba ta yi nisa da Austin ba. Drew Brees, mai ƙafa 6, ya fito ne daga makarantar Westlake, babbar abokiyar hamayyar Lake Travis. Ya ɗauki kofin jiha a 1996, amma saboda tsayinsa da raunin gwiwa da ya ji a shekararsa ta uku, Purdue da Kentucky ne kawai suka yi masa tayi. Lokacin da ake tantamar Mayfield, Brees ya riga ya ɗauki kofin Super Bowl, wato kofin zakaran NFL, da ƙungiyar New Orleans Saints. A Lake Travis ɗin kanta, Todd Reesing da bai kai ƙafa 6 ba ya tafi Kansas ya kai ta ga nasara 12 a wasa 13 a kakar 2007. Russell Wilson, mai ƙafa 5 da inci 11, yana haskakawa a ƙungiyar Seattle ta NFL a daidai kakar 2012. Kociyoyin sun san waɗannan sunaye sarai. Kowannensu dai ana ɗaukarsa a matsayin tsautsayi da ba ya maimaituwa.

Abu na uku shi ya fi ba ni takaici, domin nasarar yaron ce aka juya ta zama hujja a kansa. Lake Travis ta ɗauki kofin jiha sau biyar a jere, daga 2007 zuwa 2011, a ƙarƙashin kociyoyi uku, da kwatabak uku: Garrett Gilbert, sai Michael Brewer, sai Mayfield. Salon wasanta na baza masu cafe ƙwallo a faɗin fili ne, a yi ta gajerun jifa cikin sauri, kuma yaran unguwar sun taso a cikinsa tun suna ƙanana. Mai farauta da ya zo ya ga yadi dubu shida sai ya ce ai tsarin ne, duk wanda aka sa a wurin haka zai yi. Ga kuma abin da ya faru da Gilbert. Shi ne gwarzon sakandare na ƙasa baki ɗaya a 2008, mai ƙafa 6 da inci 4, mai taurari biyar, wato matakin ƙoli a wurin masu auna 'yan wasa, ɗan tsohon ɗan wasan NFL. Ya tafi Jami'ar Teksas ana ta murna, a 2010 ƙungiyar ta ci wasa 5 ta faɗi 7, daga baya ya bar ta ya koma jami'ar SMU. A ganina wannan ya ƙara wa masu shakka ƙarfi: idan wanda ya cika kowane sharaɗi daga wannan makaranta bai kai labari ba, ina ga gajeren da ya biyo baya? Amma tunanin a karkace yake. Abin da lamarin Gilbert ya nuna shi ne tsayi da taurari ba su da tabbas. Sai aka ɗora laifin a kan makarantar, aka bar ma'aunin yadda yake.

A nan ne nake ganin gindin matsalar take. Shafukan intanet masu auna 'yan wasa na wancan lokacin, irin su Rivals da Scout da ESPN da 247Sports, suna raba wa yara taurari daga biyu zuwa biyar, kuma Mayfield uku ya samu. Taurarin nan suna bin tayin da manyan jami'o'i suka yi, jami'o'in kuma suna kallon taurarin da tayin junansu, har abin ya zama kowa na jiran wani ya fara. Mataimakin kocin da ke kula da yankin Austin zai shiga ɗakin taro ya kare sunan yaro ɗaya a gaban maigidansa. Idan ya kawo dogo mai taurari huɗu wanda jami'o'i goma ke nema, yaron ya gaza, za a ce yaron ne bai yi ba, kowa ma ya so shi. Idan ya kawo gajere mai taurari uku wanda babu babbar jami'ar da ta taya, yaron ya gaza, to shi za a tambaya me ya gani. Mutum mai iyali, wanda kwantiraginsa na shekara ɗaya ko biyu ne, ya san wanne kuskure ne za a yafe masa. Ba ya buƙatar ya yarda cewa dogon ya fi iyawa kafin ya zaɓe shi. Ya ishe shi ya san cewa zaɓin ba zai ci aikinsa ba. Abubuwan da Mayfield ya fi kowa, wato saitin jifa, saurin karanta fili, da yadda abokan wasa ke tashi tsaye idan yana ciki, suna bayyana ne a wasa na gaske, a kan lokaci, kuma da wuya a rubuta su a lamba ɗaya da za a kare kai da ita a ɗakin taro.

To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba gaskiya ba ne a ce babu wanda ya ga yaron. Jami'o'i huɗu sun yi masa tayin karatu kyauta: Rice, New Mexico, Florida Atlantic, da Washington State. Ta ƙarshen nan ba ƙarama ba ce, tana cikin rukunin gasar manyan jami'o'i na Pac-12, kuma kocinta a lokacin Mike Leach ne, mutumin da ya yi suna wajen fitar da masu jifa da wasu suka raina. Mayfield bai karɓa ba. Ransa na kan jami'ar TCU da ke Fort Worth, ya yi ta jira. Daga baya ya faɗa a bainar jama'a cewa sun yi ta ja masa rai har gab da ranar sa hannu sannan suka janye, kocin TCU Gary Patterson kuma bai yarda da wannan bayani ba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne TCU ta ɗauki wani yaron, Zach Allen, Mayfield kuma ya tashi a tutar babu. Irin wannan jan rai ruwan dare ne a harkar: jami'a kan riƙe yaro na biyu da daɗin baki har sai ta tabbatar da na farko, domin ita ba ta asarar komai. Yaro ɗan shekara 17 da iyayensa ne ya kamata su gane bambancin yabo da tayi a rubuce, kuma da yawa ba sa ganewa sai lokaci ya ƙure.

Sai ya zaɓi hanya mafi wuya. Ya shiga Texas Tech a garin Lubbock a matsayin ɗan sa-kai, wato ɗalibin da ke biyan kuɗin makarantarsa da kansa, a bar shi ya yi atisaye da ƙungiya ba tare da an yi masa alkawarin komai ba. Sabon koci ne a wurin, Kliff Kingsbury. Wanda ake sa ran zai riƙe matsayin shi ne Michael Brewer, magabacinsa a Lake Travis, sai ciwon baya ya kwantar da shi. Aka bar sababbi biyu su fafata, Davis Webb mai tallafin karatu da Mayfield mai biyan kuɗi. A karon farko aka ajiye ma'auni aka sa su a fili ɗaya, da masu cafewa ɗaya, makonni a jere. Mayfield ya yi nasara.

Ranar 30 ga Agustan 2013 ya fito wasan buɗe kaka a gidan SMU da ke Dallas. Ana ganin shi ne ɗan sa-kai sabon shiga na farko da ya taɓa buɗe kaka a matsayin kwatabak na wata babbar jami'a. Ya yi jifa 60, aka cafe 43, tazarar yadi 413, huɗu suka kai ga ci, Texas Tech ta yi nasara da maki 41 da 23. Kwatabak ɗin da ke ɗaya ɓangaren a wannan dare kuwa Garrett Gilbert ne. Wata bakwai bai cika ba da ranar da Mayfield ya rasa takardar da zai sa wa hannu.

Ya ci wasanni biyar na farko, ya ji rauni a gwiwa a wasan Kansas, Webb ya karɓa, daga nan kujerar ta yi ta kai da kawo. An zaɓe shi gwarzon sababbin 'yan wasan gaba na rukunin Big 12 da Texas Tech ke ciki, amma a Disamba ya ce zai tafi, yana mai cewa babu fahimta tsakaninsa da kociyoyi, kuma har lokacin ba a tabbatar masa da tallafin karatu ba. Jami'ar ta ba da nata bayanin daban. A Janairun 2014 ya yi rajista a Oklahoma ba tare da kociyoyinta sun gayyace shi ba, ya je da ƙafarsa ya gabatar da kansa ga babban kocinta Bob Stoops. A ido wannan wauta ce, domin 'yan kwanaki kafin nan kwatabak ɗinta Trevor Knight ya jagoranci Oklahoma ta doke Alabama da maki 45 da 31 a wasan Sugar Bowl, kowa na ganin kujerar ta samu mai ita na shekaru. Dokar sauya jami'a ta hana Mayfield buga kakar 2014 gaba ɗaya, dokar Big 12, rukunin da jami'o'in biyu suke ciki a lokacin, kuma ta ƙwace masa shekara guda daga cikin shekarun da yake da damar bugawa, duk da cewa ko sisi Texas Tech ba ta biya masa ba lokacin da ya shige ta.

A 2015 Stoops ya ɗauko Lincoln Riley ya ba shi ragamar tsara hari, aka sake buɗe gasa, Mayfield ya sake ƙwace kujerar. Oklahoma ta ɗauki kofin Big 12 a 2015 da 2016 da 2017, ta shiga wasannin fitar da gwani na ƙasa sau biyu. A Yunin 2016 rukunin ya gyara dokarsa, ya ce ɗan sa-kai da ba a yi wa tayin tallafi a rubuce ba zai iya komawa wata jami'ar rukunin ba tare da ya yi asarar shekara ba. Shekarar da aka maido masa ita ce 2017, wadda a cikinta ya jefa yadi 4,627, ci 43, aka cafke masa 6, kashi 70 cikin ɗari na jifansa suka isa hannun da ya nufa, ya zama ɗan sa-kai na farko da ya ɗauki Heisman. Da ba a gyara dokar ba, da wannan kakar ba ta wanzu ba.

Waɗanda aka fifita a kansa fa? Swoopes ya riƙe matsayin a Teksas na wani lokaci, ya rasa shi, a NFL ma wani matsayi aka mayar da shi. Cody Thomas ya zauna a bayan Mayfield a Oklahoma, daga baya ya koma wasan besbol. Zach Allen bai zama kwatabak ɗin TCU ba. A matakin ƙasa, Max Browne da Christian Hackenberg su ne kan gaba a jerin 2013: Browne ya rasa kujerarsa a jami'ar USC, Hackenberg kuwa New York Jets ta ɗauke shi amma bai taɓa buga wasan gasa ko ɗaya ba. Ban kawo wannan don a yi musu dariya ba, yara ne da suka yi iya ƙoƙarinsu. Kuma adalci ya sa a faɗi cewa Webb ɗan wasa ne na ƙwarai wanda ya kai NFL, Jared Goff na wannan ajin ya zama na ɗaya a zaɓen 2016, kuma a jimlace masu taurari biyar sun fi masu uku kaiwa ga ƙwararru nesa ba kusa ba. Ma'aunin yana aiki a kan taro. Inda yake kasawa shi ne kan yaro ɗaya da bai dace da siffar ba, kuma tsarin ba shi da wata hanya ta sake duba shi idan kujeru sun cika.

Abin da ke damuna a labarin shi ne yawan abubuwan da sai da suka haɗu kafin a ga yaron. Sai da wani ya ji rauni a sakandare, wani ya ji rauni a jami'a, aka samu sabon kocin da bai ɗaure kansa da kowa ba har sau biyu, aka gyara doka, kuma aka samu halin biyan kuɗin jami'a a lokacin da babu tallafi. Shi ɗan babbar makaranta ne da jaridun Austin ke bugawa kowane mako. Yaron ƙauye ya fi shi shiga uku. Josh Allen, wanda Buffalo Bills ta ɗauka na bakwai a wannan zaɓe na 2018, ya taso ne a gonar iyayensa a Firebaugh ta jihar Kalifoniya, ya gama sakandare babu babbar jami'a ko ɗaya da ta taya shi. Sai da ya shiga ƙaramar kwalejin Reedley, ya yi ta aika wa kociyoyi saƙon imel da faifansa, sannan Wyoming da Eastern Michigan suka amsa. Shi tsayi bai zame masa matsala daga baya ba, rashin mai zuwa kallo ne. Waɗannan biyun mun san sunansu domin sun kai. Wanda kuɗin makaranta ya gagare shi, ko wanda na gabansa bai taɓa jin rauni ba, ba mu da alƙaluman da za mu san me aka rasa a kansa.

Wasu abubuwa sun sauya tun daga lokacin. Kyler Murray, wanda ya gaji Mayfield a Oklahoma, ƙafa 5 da inci 10 ne, kuma shi aka fara ɗauka a zaɓen 2019. Bryce Young mai irin wannan tsayi ya zama na ɗaya a 2023. Tsoron gajere ya ragu. Sai dai jadawalin ya ƙara matsowa, domin tun 2017 aka buɗe damar sa hannu a watan Disamba, kuma mafi yawan yara a lokacin suke sawa. A 2018 NCAA ta buɗe rumbun sunayen masu son sauya jami'a, a 2021 ta soke zaman shekara guda ga mai sauyawa karon farko, wato hukuncin da ya ci wa Mayfield kakar 2014. Wannan alheri ne ga wanda ya riga ya shiga. Ga ɗan sakandare kuwa ya zo da sabon cikas: kocin da ke neman kwatabak yanzu yana iya ɗauko ɗan shekara 21 da ya buga wasa ashirin a wata jami'a, faifansa na nan kowa ya gani, maimakon ya yi caca da ɗan shekara 17. Mayfield a 2017, Murray a 2018, Joe Burrow a 2019, Caleb Williams a 2022 da Jayden Daniels a 2023, dukansu sun ɗauki Heisman ne a jami'ar da ba ita suka fara shiga ba.